Nisan da Ba Shi da Bakin Hanya

Jiya da la'asar, a barikin Bukavu,
aka ɗora gidan ɗana a kan sikeli.
Kilo ashirin da uku kowace jaka,
takarda ba ta jin roƙo.
Luba ta ajiye turmi gefe, ta cusa daddawa,
ta zare ƙullin kuka don jaka ta rufu,
ta zauna a kan akwati tana dariya,
sai ga wani kukan ya taso mata.

Sabi'u na tsaye da fayil a hammata.
Manjo ne a wurin masu sara masa,
a wurina yaron nan ne da ya ɓace a Kantin Kwari
na tsince shi yana barci a kan dilar atamfa.
Ya ce, "Baba, umarni ne, shekara uku."
Na ce, "To." Me zan ƙara?
Wanda ya ba gwamnati ɗa ya ba ta har da jikoki.

Ni direba ne. Shekara talatin da ɗaya
ina jan gero daga Dawanau zuwa kudu.
A ƙuguna na san nisa, ba a taswira ba.
Nisana yana da mai shayi a Tafa,
yana da masallacin langa-langa a Mokwa,
yana da inuwar da za ka shimfiɗa buzu
ka bar inji ya huce.
Nasu nisan ba shi da bakin hanya.
In Saddiƙa ta gaji da zama, a ina za a tsaya?
In asuba ta yi, ta wane gari ce,
kuma ina gabas ga mutumin da ke bisa gajimare?

Bayan isha'i ya bi ta kan Kurna.
Na fito ƙofar gida ba takalmi,
fitila ja, fitila kore, rugugi,
kwanon rufi ya amsa, kare ya yi haushi,
na ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota.

Can tsakar dare waya ta yi ƙara:
sun sauka canjin jirgi a ƙasar da ba tasu ba.
Muryar Mu'azzam, barci a cikinta:
"Kaka, na rufe Kano duka da babban yatsana.
Na nemi Dala ban gan shi ba.
An ba mu shinkafa a ɗan faranti, ba yaji.
Kunnen Saddiƙa ya toshe,
Baba ya goya ta a tsakanin kujeru,
wata Baturiya tana ta kallonsa."
Manjo da goyo. Na yi dariya ni kaɗai a zaure.

Daga nan shiru, awa goma sha uku.
Na yi asuba, suna sama.
Na sha koko, na ba magensu saura, suna sama.
Na kai keken yaron wurin mai faci
ba don tayar ta sace ba.
Mai rake ya wuce, 'yan makaranta suka taso,
aka ɗauke wuta, aka kawo, suna sama.
An ce teku ne a ƙarƙashinsu.
Ni da gadar Jebba ke sa ni salati.

Ana kiran la'asar suka kira.
A can, wai, hantsi bai ma dubi ludayi ba;
sun bar mini yinin, sun shiga wani.
Luba ta ce an ƙwace daddawar a filin jirgi,
wani kare ne ya tona mata asiri.
Na ce kar ta damu,
turminta na nan bayan ƙofa, na kife shi,
kuka kuwa ba ta lalacewa a shekara uku.